Jar Akuya Ta Daina Numfashi

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, Auta mai gonar lemo ta gefen tudu, a madadin mahaifiyarsa Inna, da matarsa, da duk wanda ya taɓa ɗosana jiki a kujerar baya, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar abar hawansu, babur mai ƙafa huɗu, wadda aka fi sani da Jar Akuya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da yamma, a tsakiyar hawan da ke tsakanin rafi da gida, daidai bishiyar lemo ta goma sha ɗaya, tana ɗauke da jarka biyu ta ruwa da kuma mai ita. Ta rasu tana da shekara goma sha tara a gidan nan, bayan jinyar mako bakwai. Ba ta ja zance ba a ƙarshe. Ta ce ƙaƙ sau ɗaya, ta yi tsit.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a bayan wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, an ɗaure ta da igiya ta ko'ina, fitilarta ta hagu tana kallon sama. Yaya, wan Auta, mai gyaran injin ban ruwa, shi ya kawo ta, kuma shi ya raɗa mata suna tun kafin a sauke ta, saboda ja ce, babu inda ba ta hawa, kuma duk irin man da aka zuba mata sha take yi ba ta tambaya. Waɗanda suka yi zama da ita sun shaide ta da haƙuri da rashin raina aiki. Ta ɗauki kwandunan lemo har tayoyinta suka baje, ta ɗauki buhunan taki ba ta taɓa toshe hanci ba. Ita ta jawo saniyar maƙwabci daga taɓo a shekarar da rafi ya yi ambaliya, kuma ita ta sauko da Inna bakin titi ranar da zazzaɓi ya kayar da ita, tana tafe sannu-sannu ba ta faɗa rami ko ɗaya ba. Idan ana neman aibinta, to ba ta son sanyin safiya, sai an lallaɓa ta, kuma ta taɓa cinye gefen wandon Auta da sarƙarta ba ta ba da haƙuri ba har ta bar duniya.

A ƙuruciyarta tana da rawar kai, wannan ba a ɓoye shi. Shekarar da Auta ya bar aikin asibiti ya dawo gona, bayan shekara talatin da ɗaya yana wanke almakasai da wuƙaƙen tiyata yana dafa su yana jerawa, ya hau ta a karo na uku a rayuwarsa, ya danna totur da babban yatsa kamar yana kashe kiyashi. A kwanar bishiya ta goma sha ɗaya ta ɗaga ƙafa biyu sama, ta kifa shi, ta kwanta a kansa. Ya yi wata guda a gadon asibitin da ya bari, kafaɗa a ɗaure, tsofaffin abokan aiki suna leƙowa suna dariya a ɓoye. Da ya dawo gida sai ya tarar ta sauya hali. Gudun nan ya tafi, ko an danna ta sai ta yi tunani kafin ta amsa, kuma muryarta ta koma wata iri. Kowa ya ce buguwar da ta sha ce ta koya mata hankali, shi ma Auta haka ya ɗauka.

Muryar ce abin da za a fi tunawa da ita. Idan tana tsaye tana silo, wato inji na aiki ba a taɓa totur ba, takan ce duf-duf-duf, sannan ta saki wata 'yar ajiyar zuciya, haa. Duf-duf-duf-haa. Ko tana hawa da kaya, ana jin wannan haa ɗin a ƙarƙashin ƙararta, daga rafi har baranda. Yaya ne kaɗai yake taɓa kaburetarta, inda mai ke haɗuwa da iska kafin su shiga inji. Duk farkon wata yakan tsuguna a rumfar kwano da sukundirebarsa mai baƙin tef a hannu, ya karkata kai, ya rufe ido, ya juya ɗan sukurun da ke daidaita mai kaɗan, ya saurara, ya mayar da shi rabin abin da ya juya. Idan ya miƙe yakan dafa ƙugu ya sauke numfashi, kuma da wuya a bambance nasa da nata. Sau ɗaya Auta ya nemi a koya masa.

"Kai dai ka zuba mai ka hau," in ji Yaya. "Sauran nawa ne."

Shekara uku ke nan da Allah ya yi wa Yaya rasuwa, ciwon kwana biyar. An raba rigunansa, takalmansa sun tafi, lambar wayarsa ta koma hannun wata mata da ba ta san shi ba. Ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba, don mutum ne da ba ya magana da waya sai dole. Abin da ya rage a gidan wanda yake motsi yadda hannunsa ya bar shi, Jar Akuya ce. Auta bai faɗa wa kowa ba, amma kullum idan ya shigar da ita rumfa yakan bar ta tana silo na minti guda kafin ya murɗa makulli, ya tsaya da bayansa ga ƙofa yana saurare. Kuma duk ranar duniya, idan suka iso kwanar nan da ta taɓa kifa shi, sai ta ja baya kaɗan, ta yi nauyi, kamar wani ya zauna a kujerar baya ya ɗora hannu a kan nasa. Tsigar jikinsa takan tashi, bai taɓa waiwayawa ba.

Ita ma Inna tana da nata. Idanunta sun yi hazo, da kyar take bambance rana da inuwa, amma kunnenta ras yake. Ƙarfe biyar na yamma takan sa a fito mata da kujera baranda, ta rufe gwiwoyinta da tsohon bargonta mai ruwan toka, ta juya fuska wajen rafi. Da zarar ta ji duf-duf-duf-haa yana hawowa, sai ta ce, "To, an dawo," sannan ta yarda a kawo mata abinci. Kafin haka ko loma ɗaya ba ta kaiwa baki. Auta ya gama yanke hukunci a ransa cewa babban ɗanta take saurare, kuma ya yi wa kansa alkawarin muddin yana numfashi ba za ta rasa wannan muryar ba.

Ciwon ajalin marigayiya ya faro ne da tari, a tsakiyar damina. Ta fara shaƙewa da safe, ta mutu sau biyu a kan hanya, wani lokacin sai an yi ta fama kafin ta tashi. Matar Auta ta ce a kira Dogo bakanike, wanda garejinsa ke bakin titi, mutumin kirki ne kuma ya san aikinsa. Auta ya ƙi. Ya ce hannun baƙo ba zai taɓa sukurun Yaya ba, zai juya shi yadda ya ga dama ya tafi da muryar a aljihu.

"To, likita, ai sai ka shiga tiyata," in ji ta, ta miƙa masa tawul.

Mai wannan sanarwa yana so jama'a su shaida cewa ba a yi wa marigayiya aikin ganganci ba. Ya share rumfa tas, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera farantai uku na ƙarfe. Ya karanta ɗan littafin da ta zo da shi har sau biyu. Kafin ya cire sukurun mai, ya murɗa shi ciki a hankali yana ƙirgawa har ya zauna, zagaye biyu da kwata, ya rubuta a takarda, ya sake rubutawa da alli a jikin bango don kada takarda ta ɓata. Ya ɗauki hoton kowane ƙarfe kafin ya taɓa shi. A ƙasan kaburetar ya tarar da ruwa da jan laka kamar rabin cokali, wanda shi ne duk ciwon nata. Ya wanke, ya busa kowace ƙofa da iska, ya ɗaga ta ga haske har ya ga rana ta ciki. Tun da aka ƙera kaburetar nan ba ta taɓa ganin tsafta irin ta ranar ba.

Da ya zo mayarwa sai ya ce bari ya leƙa akwatin iska, tunda yana kusa. A bakin bututun da iska ke bi ta shiga inji ya tarar da wani baƙin tsumma, an ninka shi huɗu, ya jiƙe da mai da ƙura har ya yi tauri, an ɗaure shi da siririyar waya. Ya toshe kusan rabin hanyar. Ran Auta ya sosu. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya ana ƙirga auduga a gabansa kafin a ɗinke ciki, don kada a manta ko ɗaya a jikin mara lafiya, ga shi ya tarar da tsumma a maƙogwaron abar da ya fi so. Bai tsaya ya tambayi kansa me ya sa wanda ya manta abu zai ɗaure shi da waya ba.

"Haba, Yaya," ya faɗa a hankali, shi kaɗai a rumfa.

Ya kama shi da filaya, ya kai durom ɗin shara, ya tura shi can ƙasa. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa Inna ba, don a ganinsa bai kamata a ji cewa marigayi ya yi ƙazanta a aikinsa ba. Washegari da safe aka ƙona shara kamar yadda aka saba.

Ya mayar da komai mazauninsa, ya juya sukuru zagaye biyu da kwata, babu ƙari babu ragi. Bugu ɗaya ta tashi. Ta ce rrrrr, santsi, sama-sama, kamar ba ita ba. Ya jira haa ɗin. Ya jira har injin ya yi zafi, har matarsa ta leƙo tana tafa masa tana cewa ashe likitan ya iya. Haa ɗin bai zo ba. Da yamma ya hawo daga rafi cikin rabin lokacin da ya saba, ta wuce kwanar bishiya ta goma sha ɗaya ba ta ko rage ba, kujerar baya kuwa babu nauyin komai. A baranda Inna ba ta ce an dawo ba. Ta karkata kai ta ce, "Baƙo muka yi?" Ranar ta ci loma uku ta ture kwano.

Daga nan aka shiga jinya ta gaske, kuma mai jinyar ne ya fi majinyaciyar wahala. Mako bakwai Auta yana tsugune a inda Yaya yake tsugunawa, da sukundirebar nan mai baƙin tef, ya karkata kai, ya rufe ido yadda ya ga ana yi. Kwata ciki, kwata waje. Bangon rumfa ya cika da layukan alli. Ya sauke silo har ta riƙa mutuwa, ya ɗaga shi har ta riƙa ihu. Ya sake kwance kaburetar sau huɗu ko ya manta wani abu, ya tarar bai manta komai ba, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali. Ya yi komai daidai, an kuma ɗauke masa ɗan uwansa a karo na biyu. Lemo ya nuna yana zubowa, bai kula ba. Wani lokacin da rana tsaka yana tsinka a can ƙarshen gona sai ya ji duf-duf-duf-haa sarai daga wajen rumfa, ya yar da kwando ya taho da sauri, ya tarar da ita a kashe, makulli a aljihunsa, inji sanyi ƙalau.

Inna tana ramewa a gaban idonsa. Kullum idan ya shigo sai ta ce, "Auta, wannan tafiyar ba ta yi mini ba." Shi kuma ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna, na kusa samo shi." Sai ta ja bargo.

Marigayiyar ta yi iya ƙoƙarinta ta sanar da halin da take ciki, a yi mata wannan adalcin. Bakin fulogi ya yi fari fat kamar alli. Salansa ta fara shuɗi daga wuya. Idan suna gangarawa takan ce tas, tas-tas, kuma zafin da ke fitowa daga cikinta yana ratsa wando har ya gasa ƙwauri. Duk an rubuta waɗannan alamomi a shafi na ashirin da shida na littafinta, kuma Auta ya karanta su. Sai dai a cikin mako na shida, da ya murɗa sukurun ciki sosai, ya kuma sauke allurar da ke sakin mai da mataki ɗaya, ta yi wani ɗan tuntuɓe a silo, ta ja iska, ta ce wani abu mai kama da haa. Ya ce ga hanya nan. Ya ƙara rage mata mai, tuntuɓen ya ƙaru, ya ƙara ragewa. Abin da ya ɗauka ajiyar zuciya ce, haki ne na wadda ake hana wa abinci, kuma shi da ya ga mutane da yawa suna wannan hakin a kan gado ya kamata ya fi kowa ganewa.

Ranar Talata ya ce yau Inna za ta ji. Ya sauka rafi, ya cika jarkoki, ya tayar da ita, ya danna totur don ya isa kafin ta ɓace masa. Ta hau tudun da wani irin ƙarfi da bai san tana da shi ba, ƙararta siririya kamar ta ƙarfe a kan dutsen wasa wuƙa. A daidai kwanar ta ce ƙaƙ. Tayoyin baya suka ja ƙasa, ruwa ya fantsama a bayansa, komai ya tsaya. Ya zauna a kanta bai sauka ba. Warin ƙonannen ƙarfe ya tashi, inji yana hucewa yana cewa tik, tik, tik, yana ƙara nisa tsakani, har ya daina. Ya hau sauran tudun da ƙafa. Inna ta ji takunsa tun daga bakin shinge, ta tambaye shi ko ya ji ciwo, ya ce a'a, ba ta ƙara tambayar komai ba.

Washegari da hantsi Dogo bakanike ya zo ya duba gawa a inda take. Ya cire fulogi ya kalla, ya girgiza kai. Ya buɗe kan inji, ya kira Auta ya nuna masa fistan, ya huje a tsakiya, gefensa ya narke ya manne da bangon injin, bangon kuma ya tsage har ƙasa.

"Yallaɓai, inji ya buga, kuma irin nata an daina yi," in ji shi. "Yunwa ce ta kashe ta. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, sai ta yi ta ƙuna daga ciki."

Ya kwance kaburetar, ya zaro 'yar ƙofar da mai ke bi, ya ɗaga ta sama yana ƙanƙance ido.

"Wannan ba wadda ta zo da ita ba ce. An sa mata ƙarama da gangan. Wanda ya yi haka ba ɗan koyo ba ne, kuma ba zai rage mai ya bar iska a sake ba. Dole akwai abin da ya tare iskar da shi." Ya zura yatsa a bakin bututu, ya shafo sawun waya a jikin robar. "Me aka cire a nan?"

Auta ya kalli sawun wayar, ya kawar da kai. Dogo ya dube shi, ya sunkuyar da kai, ya shiga tattara sifanoninsa ba tare da ya sake tambaya ba, kuma iyalan marigayiya suna yi masa godiya a kan haka.

Da yamma Auta ya zauna a ƙasa kusa da kujerar Inna, ya faɗa mata duka, har da tsumman, har da durom ɗin shara. Ya ce ta yafe masa, ya raba ta da muryar ɗanta.

"Tsumma?" in ji Inna. "Mai ruwan toka, mai kauri?"

"Baƙi ne, Inna. Mai ya cinye shi."

"Miƙo hannunka."

Ta kama wuyan hannunsa, ta bi da shi gefen bargon da ke kan gwiwoyinta, har kusurwar da kullum take cusawa ƙarƙashin cinya. Babu kusurwar. An yanke ta da almakashi, faɗin tafin hannu biyu, an kalmashe bakin da zare. Shekara da shekaru yana gyara mata bargon nan yana ganin wurin, ya ɗauka ɓera ne ko tsufa.

"Kana asibiti da kafaɗarka yayanka ya zo mini," ta ce. "Ya ce, Inna, ba ni ƙyalle mai kauri. Auta zai ce sai ya sake hawa, kin san shi, kuma babban yatsansa bai san sannu ba. Zan rage mata numfashi. Ya ce kada in faɗa maka, za ka ce ya raina ka."

"Da na ce," in ji Auta.

"Da ka ce mana. Ni ban san ina ya kai shi ba, me na sani a ƙarfe? Na dai san daga ranar ta daina gudu da kai." Ta saki hannunsa, ta lalubo kansa ta dafa. "Kai kana zaton shi nake saurare a nan? Shi na san inda yake, babu abin da zai ƙara samunsa. Idan na ji numfashin nan na san kana tahowa a hankali, shi ke nan sai abinci ya shiga. Mako bakwai ina jin ka kana hawowa kamar ana korarka. Na yi ta faɗa maka tafiyar ba ta yi mini ba, kana ce mini ka kusa samo shi."

Mai sanarwa ba zai bayyana abin da ya biyo baya ba. Ya isa a ce mutum ne mai shekara sittin da biyu, kuma bargon ya jiƙe.

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyi huɗu, ɗaya ba ta ko yi wata uku ba. Ta bar 'yar tirela mai ƙafa biyu da take ja, wadda yanzu ke jingine da bango ba ta san inda za ta dosa ba. Ta bar makulli guda a jikin igiyar takalmi, da rabin galan na mai, da wani jan kare na maƙwabta da ya yi shekara takwas yana bin ta da haushi, wanda tun ranar Laraba yake zuwa ya kwanta a inuwarta. Ta bar sukundireba mai baƙin tef, da bango cike da layukan alli waɗanda aka hana kowa gogewa, musamman na farko can sama, biyu da kwata. Ta bar Inna. Ta kuma bar wani dattijo da ya yi shekaru ana riƙe masa hannu a kwanar nan ɗaya tilo bai sani ba, har sai da ya sa filaya ya cire hannun da kansa.

Gawar tana nan a gindin bishiya ta goma sha ɗaya, an lulluɓe ta da tamfol. Za a ɗauke ta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Ana buƙatar maza shida masu ƙarfi, domin da igiya da hannu za a sauko da ita har bakin ƙofa, sannu-sannu, inda motar mai sayen tsofaffin ƙarafa za ta jira. Ba za a ja ta da wani injin ba. Kaburetar ba za ta bi ta ba, za ta zauna a rumfa a kan farin ƙyalle. Inna ta ba da izinin a yanki ɗaya kusurwar bargonta, a ninka huɗu, a ɗaura a bakin bututun kafin a tafi da ita, ko da ba zai ƙara amfanin komai ba.

Za a karɓi gaisuwa a baranda bayan an dawo. Masu zuwa a kan abin hawa su taimaka su kashe inji tun daga bakin titi su ƙaraso da ƙafa. Wanda ya zo da niyyar cewa ai ƙarfe ne kawai, an gode, an sani. Wanda ya san inda ake samun sabuwa mai gudu, ya riƙe labarinsa. Za a tashi daga zaman kafin ƙarfe biyar, kuma duk wanda lokacin ya riske shi a gidan ana roƙonsa ya yi shiru, domin a wannan sa'ar ce Auta yake hawowa daga rafi da jarka ɗaya a kafaɗar da ba ta karye ba. Tudun yana da tsawo, shi kuma ba yaro ba ne. Yakan yi taku uku ya tsaya ya sauke numfashi, ya ƙara uku ya tsaya, kuma a kwanar nan yakan daɗe fiye da ko'ina. Jiya matarsa tana tsaye da kwano a hannu ta ga Inna ta juya fuska wajen rafi, ta karkata kai, ta daɗe tana saurare. Sannan ta ce, "To, an dawo," ta miƙa hannu a ba ta abincin.

Sanarwa daga Auta, ƙanin Yaya, a madadin iyali.